Garin da ke shanye ruwa da hasken da muke tsoro: darasin da ƴaƴanmu ba sa samu a aji

Wata ranar Laraba, bayan an tashi daga makaranta, wani uba ya tare ni a bakin ƙofa. Ɗiyarsa tana ajin ƙarshe na lise, seri C, kuma ita ke zuwa ta ɗaya a fizik da shimi. Ta gaya masa in ta ci bak tana so ta karanta kimiyyar nukiliya. Shi kuwa ya ce atafau. Ƙanensa ya yi shekaru yana aiki a Arlit, ya dawo gida da tari, bai ƙara lafiya ba har Allah Ya karɓi abinsa. "Malam," in ji shi, "na ba da ƙane, ba zan ba da ɗiya ba."

Ban ja da shi ba a ranar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma ba a yi wa mai baƙin ciki lacca a bakin titi. Amma maganarsa ta zauna mini a rai, domin na san ba shi kaɗai ba ne. A gidaje da yawa, daga Maraɗi har Tawa, in aka ce "nukiliya" abu uku ke zuwa a zuciya: uraniyom, bam da ciwon daji. Mu malamai ma ba mu taimaka ba, saboda babin ya kan zo a ƙarshen shekara, mu karanta shi a gurguje, yara su haddace don jarrabawa, su fita da tsoron da suka shigo da shi.

Ina so in ba wannan uba amsa a nan, tare da sauran iyaye da abokan aikina malamai. Zan bi ta wani abu da ke cikin gidajenmu da yawa ba tare da mun kula da shi ba, wato garin da ke cikin ƙunzugun jarirai na kanti. Ra'ayina shi ne: abin da ya kamata yaro ya ɗauka daga darasin nukiliya shi ne sanin gwargwado da iya aunawa. Wanda ya iya awo ba ya firgita a banza, kuma ba a yaudararsa a banza.

Garin da ke cikin ƙunzugu

In ka tsaga sabon ƙunzugu ka karkaɗe audugar cikinsa a kan faranti, za ka ga wani farin gari kamar sukari. Ɗebi cokalin shayi ɗaya ka zuba a kwano, ka riƙa ƙara masa ruwan sama kaɗan kaɗan. Kafin ka ankara ya shanye kusan rabin lita, ya kumbura ya zama wani ƙullu mai santsi. Ka kifar da kwanon, ruwa ba ya zuba. Na sha yin wannan a aji, kuma ban taɓa ganin yaron da ya yi gyangyaɗi a ranar ba.

Masana suna kiran irin wannan abu idrojel, wato ƙullun ruwa. Wanda ke shan ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa kuwa ana ce masa mai tsananin shanyewa. An fara samo shi a farkon shekarun 1970 a wani ɗakin bincike na ma'aikatar noma ta Amurka da ke garin Peoria, inda suka haɗa sitacin masara da wani sinadari. A 1978 wani kamfanin Japan ya fara sayar da shi, sannan a shekarun 1980 ya shiga ƙunzugun jarirai a duniya.

Sirrinsa ba shi da wuyar fahimta. Ɗauki zare ka yanka shi dogo dogo ka watsa a cikin tafki, kowane sili zai kama gabansa. In kuwa ka ɗaɗɗaure silin nan da juna nan da can, ka samu raga. Garin nan raga ce, sai dai zarenta ƙwayoyin sinadari ne da ido ba ya gani. A jikin zaren akwai wasu gurabe masu ɗauke da sodiyom, su ke jawo ruwa ciki, kamar yadda gishiri ke tsotso ruwa daga yankakkiyar albasa. Ruwa na shiga, raga na buɗewa, amma ƙullin da ke tsakanin zaren ya hana ta narkewa. In ƙullin ya yi kaɗan, abin ya narke ya zama yauƙi. In ya yi yawa, raga ta matse, ruwan da za ta ɗauka ya ragu. Duk aikin masu binciken yana tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Matsalar garin kanti ita ce asalinsa. Sunansa poliakrilat na sodiyom, kuma daga man fetur ake samo shi. Ba ya ruɓewa da wuri. Duk wanda ya bi ta bakin magudanar ruwa a biranenmu bayan ruwan farko ya ga ƙunzugu a kumbure cikin shara, tare da baƙar leda. Abin da ba ya ruɓewa kuwa, mai hankali zai yi tunani sau biyu kafin ya binne shi a gonar da zai bar wa ƴaƴansa.

Me ya sa aka koma ga selulos

Shi ya sa masu bincike suka juya ga selulos. Selulos shi ne ƙashin bayan tsiro, shi ke sa karan hatsi ya tsaya. Audugar da ake kaɗi da ita kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, itace kuwa kashi 40 zuwa 50. Wani masanin shimi Bafaranshe mai suna Anselme Payen ne ya fara ware shi a 1838. A tsarinsa, dogon carbi ne na ƙwayoyin gulukos, dubbai a jere. Babu wani sinadarin halitta da ya fi shi yawa a doron ƙasa, kuma ƙananan halittun cikin ƙasa sun san yadda za su ci shi, shi ya sa kara ke ruɓewa ya zama taki.

Amma selulos ba ya narkewa a ruwa, in ba haka ba da rigunanmu sun narke a wurin wanki. Sai an jiƙa shi da soda irin ta sabulu, a haɗa shi da wani asid, sannan a samu abin da ake kira karboksimetil-selulos, a taƙaice CMC. Wannan yana narkewa ya yi kauri. Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu: yana cikin man goge baki da wasu kayan zaƙi na kanti, inda ake rubuta shi da lamba E466.

To, CMC zare ne a warwatse. Yaya za a ɗaure shi ya zama raga? Hanya ɗaya ita ce a zuba sinadarai masu ɗaurewa, a dafa. Wasu daga cikinsu guba ne, dole a wanke ragowarsu. Hanya ta biyu ita ce a haska shi da hasken gamma, ko a harbe shi da elektron daga na'ura. Wannan hanya ba ta buƙatar wuta, ana yinta a yanayin ɗaki, kuma hasken da ke ɗaure zaren yana kashe ƙwayoyin cuta a lokaci guda. Da irin wannan dabara ce Janusz Rosiak da abokan aikinsa a birnin Lodz na ƙasar Polan suka ƙirƙiro idrojel na rufe ƙuna da gyambo a shekarun 1980, ko da yake nasu ba da selulos aka yi shi ba.

Gari, kunu da tuwo

Shekaru da yawa abin da aka sani shi ne hasken gamma yana tsinka selulos. In ka haska auduga ko takarda da yawa, sai ta yi rauni ta marmashe. Saboda haka an ɗauka cewa haske da selulos ba sa ga maciji.

Wajen shekarar 2000, masu bincike a cibiyar Takasaki ta ƙasar Japan, cikinsu har da Fumio Yoshii da Radoslaw Wach, suka nuna cewa maganar tana da sauran bayani. In CMC busasshen gari ne, haske yana tsinka shi. In an dama shi tsararo kamar kunu mai ruwa-ruwa, nan ma tsinkewa ke rinjaye. Amma in an kwaɓa shi da kauri kamar tuwo, misali kashi 20 ko 30 cikin 100 na CMC sauran ruwa, sai hasken ya ɗaure shi ya zama raga mai shan ruwa.

Dalili shi ne, hasken ya fi faɗa wa ruwan da ke cikin kwaɓin. Yana fasa ƙwayoyin ruwa, gutsattsarin da suka fito kuma suna da zafin nama, sai su fizge ƙwayar idrojen daga jikin zaren, su bar masa gurbi a buɗe kamar hannu mai neman abin kamawa. A cikin busasshen gari zaren ba ya iya motsi, hannun ba ya samun ɗan uwansa, ƙarshe zaren ya katse. A cikin kunu tsararo zaren sun yi nisa da juna. A cikin tuwo kuwa suna kusa, kuma ruwan ya ba su damar motsawa, sai hannu ya kama hannu, ƙulli ya samu.

Ku duba wannan da kyau, malamai. Haske ɗaya, sinadari ɗaya, amma sakamako biyu masu karo da juna, kuma abin da ya raba su shi ne yawan ruwan da aka zuba. Uwar da ke tuƙa tuwo ta san wannan ilimi a hannunta. Yaron da ya fahimci wannan misali ya daina tambayar "haske yana da kyau ko ba shi da kyau?" ya koma tambayar "nawa, a kan me, a wane hali?" Wannan ita ce tambayar mai ilimi.

Yadda ake kyautata shi

Samo ragar mataki ne na farko. Tun daga lokacin, aikin ya koma kan gyara, kuma kowane gyara yana da abin da ake biya.

Na farko shi ne yawan hasken. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira girai, kuma a wannan aiki ana maganar dubbai ne, wato kilogirai, galibi daga 5 zuwa wasu gomomi. In hasken ya yi kaɗan, yawancin CMC ba ya ɗauruwa, ruwa ya wanke shi. In an ƙara, ragar ta yi ƙarfi amma shan ruwanta ya ragu. In an zarce, tsinkewa ta dawo.

Na biyu shi ne irin CMC ɗin. Wanda aka fi cika wa gurabun sinadari a jikin zarensa ya fi saurin ɗauruwa, kamar yadda binciken Takasaki ya nuna, sai dai ya fi tsada kuma ya fi jinkirin ruɓewa.

Na uku shi ne ƙari. Wata ƙungiyar masu bincike a Budapest ta ƙasar Hangari, da ta haɗa da Tamas Fekete, Judit Borsa, Erzsebet Takacs da Laszlo Wojnarovits, ta yi aiki a kan wannan wajen 2016 da 2017. Sun nuna cewa ɗan ƙaramin sinadarin ɗaurewa yana sa a samu raga mai kyau da haske kaɗan. Sun gwada ƙara asid akrilik, shi ma ya kyautata ɗauruwar. Sun kuma musanya wani kashi na CMC da sitaci, sai kashin da ke ɗauruwa ya ƙaru, amma in sitacin ya yi yawa abin ya lalace. Sitaci yana da araha, wannan riba ce. Asid akrilik kuwa ɗan gidan man fetur ne, duk yadda ka ƙara shi kana komawa ga matsalar da ka gudo mata.

A ƙasashen Asiya irin su Biyetnam da Tailan, cibiyoyin nukiliya na gwamnati sun yi irin wannan gari da sitacin rogo, suka kai shi gonaki don gwaji. Abin lura a nan shi ne kowa ya duba abin da ƙasarsa ke nomawa ya gina bincikensa a kai.

Shin abin da aka haska yana cutarwa?

Yanzu mu dawo ga tsoron uban nan, domin ba tsoron banza ba ne. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Mahaƙar Akuta da aka rufe a 2021 ta bar tulin sharar ma'adini na miliyoyin tan, kuma mutanen yankin suna da hakkin su tambayi abin da ke shiga iskarsu da ruwansu. Duk malamin da ya ce wa yara babu haɗari ya yi musu ƙarya.

Sai dai akwai bambanci tsakanin abu biyu da muke cakuɗawa. Wanda ya ji ɗumin wuta ya tashi, bai tafi da wuta ba. Wanda garwashi ya faɗa masa aljihu kuwa, duk inda ya je yana tare da ita. Ƙurar ma'adini da ta shiga huhu ko rijiya garwashi ce a aljihu, tushen hasken ne da kansa ya shiga jiki ya zauna. Kwaɓin CMC da aka haska kuwa, haske ne ya ratsa shi ya wuce. Tushen, wato ƙarfen kobalt 60, yana rufe cikin bututun ƙarfe, bai taɓa kayan ba. Ƙarfin hasken kobalt 60 bai kai ya mayar da abin da ya ratsa mai fitar da haske ba. Wanda aka yi wa radiyo a asibiti don a ga karaya ba ya komawa gida yana haska iyalinsa. Allurai da safar hannu na likita da yawa da ake amfani da su a duniya da wannan haske aka tsabtace su, a ma'aunin kilogirai 25.

Wannan ba ya nufin wurin wasa ne. Girai 4 zuwa 5 a jiki gaba ɗaya na iya kashe mutum, kilogirai 25 kuwa ya ninka haka wajen sau 5,000. Shi ya sa ake gina ɗakin haskawa da bangon kankare mai kaurin kusan mita 2, kuma in ba a aiki ana nutsar da tushen cikin rijiyar ruwa mai zurfi. Ƙarfin kobalt 60 yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da wata 3, don haka dole a riƙa lissafi ana sabuntawa. Duk wannan aikin masu awo ne. Ƙasar da ke da uraniyom a ƙarƙashinta ta fi kowa buƙatar ƴaƴanta su iya riƙe na'urar awo su faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ke cikin ruwan rijiya. In ba mu da su, sai mu jira baƙo ya auna mana, mu karɓi abin da ya ce.

Lissafin gona

Akwai wani gefen da rashin awo ke cutar da mu, shi ne saurin yarda. Ƙasarmu jigawa ce, ruwa na sauka ya zarce ƙasa, rana ta ƙone sauran. In wani ya zo da buhu ya ce ga garin da ke riƙe ruwa ninki 400, ya nuna a cikin kofi, manomi zai ga kamar an gama da fari. Na ga irin wannan talla tana yawo a waya. Bari mu yi lissafin da ɗan kwaleji zai iya yi.

Da farko, ninki ɗaruruwan nan a cikin tataccen ruwa ne. Koma ga kwanon gwajinmu ka barbaɗa gishiri a kan ƙullun, ka juya. Cikin ɗan lokaci zai saki ruwa ya zama tsararo. Gishiri yana kashe ƙarfin jan ruwan, shi ya sa garin da ke shan ninki ɗaruruwa na tataccen ruwa ba ya wuce ninki 30 zuwa 60 na ruwan gishiri irin na jikin mutum. Ruwan rijiya mai ƙarfi, ƙasa mai kanwa, takin zamani na NPK, duk suna rage shi. Nauyin ƙasar da ke danne shi ma yana hana shi kumbura sosai.

Mu yi masa adalci mu ce a cikin ƙasa kilo ɗaya yana riƙe lita 100. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ruwan sama na milimita 1 a kan hekta lita 10,000 ne. In ka zuba kilo 20 a hekta, zai riƙe lita 2,000, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita guda. Gonar hatsi mai ƙarfi kuwa tana iya shan milimita 4 ko 5 a rana ɗaya ta zafi. Ko da yake garin yana sake cika duk lokacin da aka yi ruwa, wannan lissafi ya nuna cewa watsa shi a gonar hatsi ba zai tsare ta daga fari na sati biyu ba. Tassa da rabin wata da manomanmu ke haƙawa a Tawa, da barin gawo ya sake tohowa a gona kamar yadda aka yi a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba, kuma ba a sayo su da kuɗin waje.

Amma juya lissafin ga ramin dashe. Giram 5 a gindin ɗan itace ɗaya na iya riƙe rabin lita daidai wurin saiwa. Ga ɗan dashen da ke tsakanin rai da mutuwa a makonninsa na farko, rabin lita ba abin rainawa ba ne. Haka wurin renon iri, da garka inda mata ke jan ruwa da guga. A nan ne ya dace a gwada shi, a ƙasarmu, da ruwanmu. Kuma a nan ne irin na selulos ke da tambayarsa: yana ruɓewa, wannan alheri ne ga ƙasa, amma in ya ruɓe kafin dashe ya kama, an yi asarar kuɗi. Tsawon kwanakin da zai yi a cikin rairayi mai zafin watan Afrilu abu ne da sai an binne an tono an auna.

Kada kuma mu ce kayan haɗin kyauta ne. Karan hatsi a wurinmu abincin dabba ne, darni ne, makamashi ne, kuma wanda aka bari a gona shi ke tare iska daga kwashe ƙasa. Mai bincike na gari zai fara duba abin da ake zubarwa da gaske, kamar ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa, kafin ya taɓa abin da talaka ke dogaro da shi.

Wa zai yi mana wannan awo?

Ba daga sifiri za mu fara ba. Nijar mamba ce a Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tun 1969. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai tana da cibiyar binciken sinadarai masu fitar da haske tun shekarun 1980. A 2021 aka buɗe sashen gasa ciwon daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, abin da a da sai mai hali ya fita waje ya nema. Maƙwabtanmu suna da manyan ɗakunan haskawa da gamma, ɗaya a Sheda kusa da Abuja, ɗaya a Kwabenya kusa da Akara. Ɗalibarmu tana iya kwaɓa samfurinta a Maraɗi ko Damagaram, a haska shi a can, ta dawo ta binne shi a jigawar garinsu ta auna.

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa ne a 1929. Ya karanta fizik har ƙoli a Faransa, ya dawo ya sa iliminsa a kan abin da ƙasarsa ta fi yawa da shi, wato hasken rana. Tun a 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, yana neman makarantar da ta dace da rayuwar mutanenta. Da iyayensa sun ce karatun ya yi nisa ko ya yi haɗari, da ba mu san sunansa ba.

Abin da nake roƙo

Ga ƴan uwana malamai: rashin ɗakin gwaje-gwaje gaskiya ne, amma wannan darasi ba ya jiran ɗaki. Ƙunzugu ɗaya, kofuna huɗu na roba, cokali, gishiri da kanwa sun isa, kuma duka ba su kai jika guda ba. A zuba gari daidai wa daida a kowane kofi. Na farko ruwan sama, na biyu ruwan rijiya ko famfo, na uku ruwan gishiri, na huɗu ruwan kanwa. Yara su ƙirga cokali nawa kowanne ya sha, su rubuta a allo, su zana jadawali. Sannan a ba su lissafin hekta su yi da kansu. A kula kada su shaƙi garin, kada su sa shi a baki ko ido, kuma bayan an gama a zuba shi a shara, kada a zuba a magudana don yana toshewa. Malamin firamare zai tsaya a kan awo da ƙirga. Malamin lise ya ɗora da labarin gari, kunu da tuwo, daga nan ya shiga babin nukiliya ta ƙofar da yara suka riga suka taɓa da hannu. Gani ya kori ji.

Ga iyaye: in yaro ya dawo da tambayar da ba ku da amsarta, kada ku rufe masa baki. Ku ce ya nuna muku a kofi. In mai talla ya zo da garin mu'ujiza, ku kira ɗan makarantar gidan ya zuba masa ruwan rijiyarku a gabansa, ya yi lissafi. Wannan ma wata riba ce ta kuɗin littafin da kuke biya.

Ga uban da ya tare ni: Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya sa ya huta. Ba na ce ka manta da shi ba. Cewa nake, abin da ma'aikaci ke buƙata a irin wancan wuri shi ne wani nasa da ya san awo, wanda zai ce wannan ƙura ta wuce ƙima, wannan ruwa kada a sha. Ɗiyarka tana so ta zama wannan mutum. Tana iya ƙarewa a asibiti tana lissafa hasken da za a ba mai ciwon daji, ko a ɗakin bincike tana neman yadda ɓawon gyaɗa zai riƙe wa dashe ruwa, ko a arewa tana auna rijiyoyi. Ka zauna da ita, ka tambaye ta yadda masu wannan aiki ke kare kansu, ka saurari amsarta har ƙarshe. In amsar ta gamsar da kai, ka sa mata albarka ta tafi.